TSOHON LAIFI DA SHIGA ƘASASHEN WAJE

A unguwanni irin su Gangare ta Jos, inda fatauci da aikin Hajji da neman ilmi suka saba fitar da mutane waje, ana yawan tambaya: shin wanda kotu ta taɓa ɗaurewa zai iya shiga wata ƙasa? Ya kamata kowa ya fahimci amsar tun bai kashe kuɗinsa ba.

Da farko, fasfo shaida ce kawai cewa mai shi ɗan Nijeriya ne. Izinin shiga kuwa yana hannun ƙasar da za a je, kuma kowace da tata doka.

Yadda suke sani

Mai neman bizar aiki, ko ta zama, sau da yawa akan buƙaci ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Kafin a bayar, sai an ɗauki tambarin yatsunsa an gwada da rajistar masu laifi ta ƙasa da ke Alagbon a Ikko. Mutum yana iya sake suna, amma ba ya sake yatsa.

Dokokin wasu ƙasashe

A Amurka, dokar shige da fice ta 1952 ta hana shiga ga wanda aka kama da laifin miyagun ƙwayoyi, ko laifin zubar da mutunci irin su sata da zamba. Takardar neman biza tana tambaya ko an taɓa kama mutum ko hukunta shi, ko da an yi masa afuwa daga baya.

A Ingila, tun daga Disamba 2020, wanda aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye akan hana shi biza, komai daɗewar laifin. Wanda aka gane ya yi ƙarya a takardarsa ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10.

Kanada takan ba mutum damar roƙon a wanke shi idan shekara 5 ta wuce bayan ya gama hukuncinsa.

Saudiyya tana ɗaukar tambarin yatsun baƙi, saboda haka wanda aka taɓa korowa zai sha wuya ya koma, ko da sabon fasfo ya riƙe.

Hatta maƙwabta suna da nasu iko. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ko Togo ya zauna kwana 90 ba biza, amma ta bar wa kowace ƙasa ikon juya wanda dokarta ba ta yarda da shi ba.

Abin da ya kamata a yi

Wanda ke da tsohon laifi ya nemi kwafin hukuncinsa daga kotun da ta yi shari'ar, ya tuntuɓi lauya ko ofishin jakadancin ƙasar kafin ya sayi tikiti. Ya amsa kowace tambaya da gaskiya. Ƙaramin laifin da aka bayyana ana iya kau da kai gare shi, amma ƙarya sabon laifi ce, kuma raminta ƙurarre ne. A guji dillalan da ke alkawarin goge suna daga rajista ko kawo takardar jabu.

Iyaye kuma su ja kunnen matasa. Ƙunshin da wani ya roƙa a kai masa waje ba tare da an san abin da ke ciki ba, yana iya rufe wa yaro hanyar karatu, da ta aiki, har da ta Makka.