Alhaji, ka daina cewa direba ya taka mota

Wata Laraba cikin watan jiya ina zaune a shagon wani abokina a babbar kasuwar Garwa, sai maƙwabcinsa, wani Alhaji mai sarin shinkafa da man girki, ya fito bakin ƙofa da waya a kunne yana ta faɗa. Direbansa ne ya gama lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere bayan la'asar, yake roƙon a bar shi ya kwana, ya kamo hanya da safe. "Kwana kuma? Malam, ka taka mota kawai, ina son kayan nan a bakin sito kafin asuba!" Ya kashe waya yana huci.

Motar ta iso, Allah ya tsare rai. Amma taya biyu sun fashe a hanya, burki yana warin ƙuna, tanki ya kusa bushewa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yan dako ba su taɓa buhu ko ɗaya ba sai bayan azahar, domin siton cike yake da kayan makon jiya. To, saurin na mene ne?

Duk wanda ya san hanyar nan ta kilomita kusan 275 ya san gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, inda tirela mai kaya ke saukowa kwana bayan kwana. Nan Alhaji ya tura yaron mutane cikin dare, da barci a ido. Ko mu ajiye zancen rai, mu yi na kuɗi, tunda shi ne yaren da 'yan kasuwarmu suka fi ji. A Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar gas daga sefa 575 zuwa 720, a Fabrairun 2024 ta kai ta 828. Man Najeriya da ake lallaɓowa da shi ma ya daina araha tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. Babbar mota kuwa, da ta wuce gudun da injinta ke so, iska ce take karo da ita, kuma da gas ake ture iskar.

Masu manyan jiragen ruwa, waɗanda ke kawo kwantenonin nan Duwala da Kiribi, sun daɗe da gane wannan. Da mai ya yi tsada a 2008, kamfanoni irin su Maersk suka rage gudu da gangan. Jirgin da ke yin kilomita 44 a awa ya koma wajen 33, wani ma ƙasa da haka. Lissafinsu shi ne, idan ka rage kashi 10 cikin ɗari na gudun jirgi, man da zai sha a duk tafiyar yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, duk da ƙarin kwanakin. Sun kuma lura ba riba a yi tsere a teku, a zo bakin Duwala a jefa anga ana jiran layi ko cikar ruwa. Mutanen da ke juya biliyoyi ke nan, suna lissafin lita. Namu mai tirela ɗaya, wadda ma bashi ce, shi ne ba ya lissafi.

Dattawan Garwa ma sun san haƙurin kaya. A da, jirage daga Burutu suke hawowa kogin Binuwai sai ruwa ya cika, wajen Agusta zuwa Oktoba, su sauke gishiri da siminti su ɗauki auduga da gyaɗa. Ɗan kasuwa kan tsara shekararsa a kan watannin nan.

Laifin direbobi yana nan, ban wanke su ba. Akwai mai sakin mota a gangare ba giya wai yana tattalin mai, alhali ƙaramar giya ce ke riƙe kaya, burki in ya ɗau zafi ba ya kamawa. Akwai wanda bai taɓa auna iskar taya ba, ga zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40 a nan. Amma mai kaya ne ke kunna wutar. Kafin ka ce a taso, ka tabbata sito a share yake, 'yan dako sun san lokaci, takardun kwastan sun kammala. Ka sa a rubuta litar da aka zuba da kilomitan da aka yi a kowace tafiya. Bayan tafiya biyar za ka ga bambancin ranar da ka matsa da ranar da ka ƙyale shi. In mai ya yi saura, ka ba direba wani abu daga ciki, don ya san tattalin yana amfanarsa.

Kuma don Allah, Alhaji, in mota ta tashi daga Ngaundere, ka ajiye wayar nan. Kira ɗaya ya isa, bayan direba ya sauka Mbe.