Da Wa Kake? Bidiyon Ilimin Abinci da Fataken Guangzhou

A cikin matasanmu mazauna Guangzhou akwai ɗaliban likitanci a jami'o'i irin su Jinan da Sun Yat-sen, akwai kuma waɗanda suka gama karatu suka koma tafinta da dillancin kaya. Wasunsu na da sha'awar yin bidiyo kan ilimin abinci a lokacin hutunsu, irin wanda ake bayanin yadda shinkafa ke komawa sukari a jini, ko abin da gishiri ke yi wa jijiya da ƙoda. Yawanci sai a fara da neman waya mai kyau da fitila, a bar babbar tambayar a baya. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai koyar da ilimi mai zurfi ya fi mai zagi bukatar sanin haka, domin bayanin da zai gamsar da ɗalibin jami'a shi ne zai sa ɗan kasuwa ya kashe waya.

Mu fara da waɗanda bai kamata mai bidiyon ya wahalar da kansa a kansu ba. Sinawa suna da nasu malaman. Ƙungiyar masana abinci ta ƙasar tana fitar da kundin jagora, na baya-bayan nan a 2022, kuma farfesoshi irin su Fan Zhihong ta Jami'ar Aikin Gona ta Sin sun daɗe suna fassara wa jama'a shi da harshensu. Masu kallo da Turanci kuwa tashoshi sun yi musu yawa. Jama'ar gida, na Kano da Katsina da Maraɗi, su ne suka fi jan hankali saboda yawansu, amma wanda ke zaune a Guangzhou bai san nawa ake sayar da kwanon wake a Dawanau wannan makon ba, kuma likitan da ke Zariya ya fi shi kusa da tukunyarsu.

Saura mutum ɗaya da ba wanda ke yi masa magana, wato falken da ke sauka a filin jirgin Baiyun, ya kama ɗaki a Xiaobei ko Sanyuanli, ya yi mako biyu ko uku yana sarin yadi, takalma, wayoyi ko kayan gini, sannan ya koma Kantin Kwari ko Kasuwar Wambai. Yawan irinsa na ƙaruwa a watannin Afrilu da Oktoba, lokacin baje kolin Canton da ake yi tun 1957. Masana sun yi rubutu a kan 'yan Afirkan wannan birni, irin su Adams Bodomo, ɗan Ghana, a littafinsa na 2012, da Gordon Mathews da abokan aikinsa a 2017, amma hankalinsu ya fi karkata ga ciniki da biza da zamantakewa. Ni a ganina wannan falken ne ya cancanci a zaɓa, musamman wanda ya haura shekara arba'in, ya zo da ƙwayoyin hawan jini ko na ciwon sukari a jakarsa.

Dubi yadda yininsa ke tafiya. Abincin mutanen wannan yanki ya yi suna wajen sauƙi: kifi a turara, ganye a ɗan tsoma shi a tafasasshen ruwa, mai kaɗan. Sai dai naman alade da kitsensa da giyar girki sun shiga kusan ko'ina, don haka Alhaji ba zai kusanci galibin gidajen abincin ba. Inda zai ƙare shi ne shagon taliyar Lanzhou mai alamar halal, wanda akasari Musulmi daga lardunan Qinghai da Gansu ke riƙe da shi, ko gidan abincin 'yan Xinjiang mai gurasa da tsire da shinkafa dafa-duka mai naman rago, ko kuma wajen 'yan'uwa masu dafa tuwo da miya a cikin gidajen haya. Ana kawo masa taliyar a babban kwano, romo har baki, an yanka nama siriri a sama, ga man barkono yana yawo. Ya ci taliyar, ya ɗaga kwanon ya shanye romon tas, domin a gida an san amfanin abinci yana cikin romo. A nan kuwa mafi yawan gishirin yana cikin wannan ruwan ne. Da rana zafi da gumi su kore shi zuwa firjin kanti, ya ɗauki shayin kwalba mai sanyi ko jan gwangwanin Wong Lo Kat, yana jin ai maganin gargajiya ne na rage zafin jiki, alhali an zuba masa sukari. Da dare a sake shinkafa fara.

Duk wanda ya san wannan yini ya riga ya sami darussan wata shida, kuma a nan ne zurfin ilimi ke samun wurin zama. Ɗauki jadawalin da ke bayan kowane ƙunshin abinci. Tun 1 ga Janairun 2013 ƙa'idar GB 28050 ta wajabta rubuta abubuwa biyar: ƙarfin abinci, furotin, maiƙo, sitaci da dangoginsa, sai sodiyom, wanda yawanci shi ne layin ƙarshe. Ba sai mutum ya iya karatun Sinanci ba, jerin layukan kawai zai haddace. Ƙarfin abincin da kilojul ake rubuta shi, sai an raba da 4.184 kafin ya koma kalorin da aka saba ji. A gefen dama akwai kason cikin ɗari, wanda aka gina a kan miligiram 2,000 na sodiyom a yini, daidai da giram 5 na gishiri, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai. Ba abin mamaki ba ne a ga ƙunshin taliyar gaggawa guda ɗaya ya kusa cinye wannan kason baki ɗaya. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne lissafin yakan zo a kan mililita 100 ko giram 100. Lemon da aka rubuta masa giram 10 a layin sitaci, idan kwalbar mai mililita 500 ce, giram 50 na sukari ke nan aka sha a tsaye. Ɗan kasuwar da ke juya yuan zuwa dala zuwa naira a ka, kafin mai shago ya gama latsa kalkuleta, wannan lissafin ba zai ba shi tsoro ba. Kuskure ne a raina masa hankali a ce sai an cire lambobi kafin ya gane. Abin da ba shi da shi lokaci ne.

Zaɓen mai sauraro shi ke yanke sauran hukunce-hukuncen. YouTube da Facebook da WhatsApp duk a toshe suke a babban yankin Sin, TikTok ma haka, Douyin ne takwaransa na cikin gida. Abin da ke hannun kowane falke shi ne WeChat, da shi yake magana da masu kaya da wakilin jigila, a nan kuma ake da zaurukan 'yan gari ɗaya. Bidiyon da zai yi tafiya a can gajere ne, minti biyu ko uku, wanda za a iya kallo a jirgin ƙasa tsakanin kasuwa da masauki, da Hausar baka, a riƙe kwalbar a gaban kyamara a sa yatsa a kan layin da ake magana. Ana iya ajiye dogon bayani a YouTube don mai shirin tasowa daga gida. Hausa ba baƙuwa ba ce a kafofin wannan ƙasa, tun 1963 Rediyon Sin ke watsa shirye-shirye da ita, sai dai ba aikin gidan rediyo ba ne ya gaya wa Alhaji abin da zai ce wa mai shagon taliya don a rage masa gishiri.

Akwai iyaka, kuma gara a san ta tun farko. A watan Yunin 2022 hukumomin Sin masu kula da rediyo da talabijin da al'adu sun fitar da ƙa'ida cewa mai gabatar da shiri kai tsaye a intanet kan likitanci, shari'a, kuɗi ko ilimi sai ya mallaki takardar ƙwarewa. Ko ba don doka ba, tambayoyin da za su fara zuwa na magani ne. Guangzhou na gaban Najeriya da awa bakwai, to yaushe zan yi allurar insulin? Zan iya azumi a wannan zafin? Amsar waɗannan tana wajen likitan da ya san mai tambayar, kuma mai bidiyon kirki zai faɗi haka kai tsaye. Jarraba ta biyu ta fi wuyar kaucewa a birnin da kowa ke sayar da wani abu: ba za a daɗe ba wani zai zo da shayin rage tumbi ko garin ƙara ƙarfi, ya ce a tallata a raba riba. Ranar da aka karɓa, masu kallo za su fara jin kowace shawara a matsayin talla. Sinawa sun ga irin wannan a ƙarshen 2018, lokacin da kafar Dingxiang Yisheng ta bankaɗo kamfanin kayan lafiya na Quanjian, abin da ya kai shugabansa kurkuku.

Wani zai ce waɗannan mutane ba su da yawa, bidiyon ba zai taɓa tashe ba. Gaskiya ne, kuma wanda ke neman kuɗin talla ya nemi wani fage. Amma mai yi don sha'awa yana da abin da mai mabiya miliyan ba shi da shi: yana ganin masu kallonsa da ido. Ranar Juma'a a masallacin Xianxian, inda al'adar mutanen garin ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake (malaman tarihinmu dai a Baƙi'a ta Madina suka ce aka binne shi), wani zai tare shi ya ce bai gane zancen kilojul ba, ko ya nuna masa hoton wani ƙunshi ya ce a duba masa. Daga nan darasin mako mai zuwa ke fitowa. Aikin ma ba mai ƙarewa ba ne, domin a watan Maris na 2025 an sabunta ƙa'idar jadawalin, aka ƙara layin sukari da na daskararren maiƙo, za ta fara aiki a 2027. Wanda ya koya wa fatake layi biyar zai sake ɗaukar bidiyon ya koya musu bakwai.