Masu Dawaki, a Daina Gurzar Doki da Buroshin Ƙarfe

Duk lokacin da salla ta matso, sai ka ga samari a Cadakori da ƙauyukan Gidan Rumji sun kwance dawaki daga turke ana wanki. Wankin ba laifi ba ne. Abin da ake wankin da shi ne ya dame ni: buroshin ƙarfe irin na masu walda, ko buroshin wankin tufafi, ga omo an zazzaga a bokiti. Yaro ya dage yana gurza, doki na murɗa baya yana harbin iska, mai shi na zaune a inuwa yana cewa "ƙara masa, tsiya ce".

Ba tsiya ba ce, malam, zafi yake ji. Ƙarfen yana yage fata ta ƙarƙashin gashi inda ido ba ya gani, omo ya cinye maiƙon jiki. Kashegari a aza jalala da sirdi, a ɗaure majayi tam, a wuni ana sukuwa cikin zufa da rairayi. Kafin mako gadon baya ya zama miki, ƙuda ya samu wurin zama. Daga nan sai a shiga shafa baƙin mai na mota, wai magani! Mutumin da ya zuba jikkuna a kan linzami da kayan ado, shi ne ke ƙyashin sayen buroshi.

In ka shiga kasuwar Maradi, abu uku ya ishe ka. Buroshi na roba mai gajerun haƙora, don tayar da busasshiyar laka da matacciyar suma a wuya da gindi. Sai mai laushi, wanda zai share ƙurar har a fuska da ƙafafu, inda fata ke kwance a kan ƙashi. Sai mataji mai faɗin haƙora na geza da wutsiya, amma ƙarangiya a fara cire ta da yatsu. Kafin ka biya, goga buroshin a cikin damtsenka. In ya yi maka zane, ajiye shi. In babu hali, soso da tsumma mai tsabta sun fi ƙarfe.

Sai batun aro. Buroshi guda ya zagaye dawaki biyar na unguwa, har da jaki. Ta haka ƙazuwa da makero ke tsallakawa daga wannan dabba zuwa waccan, makero kuwa har mutum yana kamawa. Masu jakuna ba su manta murar 2019 ba, wadda ta yi ɓarna a Nijar da arewacin Najeriya. Majinar dabba marar lafiya tana maƙalewa a kayan aiki. Kowane doki da nasa buroshin. A karkaɗe shi bayan aiki, a wanke da sabulu, a shanya a rana.

Wanda ya ga gashi na zubewa da'ira-da'ira, ko kumburi a mazaunin sirdi, ya sauke sirdin ya nemi malamin dabbobi, ko da hawan bana zai wuce shi.