FILIN MATA: Uwargida, Ki Kasa Kunne Ga Kukan Bayan Mota

 Yau za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi maganar mota. Kada wata ta ce ai wannan sha'anin maza ne, ina ruwan mace da ƙarfe? To, da ruwanta. In an tashi tafiya biki, ko suna, ko asibiti, ko komawa makaranta bayan hutu, galibi mata da yara a ke ba kujerar baya, kujerar nan kuwa bisa ƙafafun baya ta ke, ko dab da su. Direba yana can gaba, ƙarar inji da rediyo sun cika masa kunne. Ke ce ki ke zaune kan wurin da ciwo ya ke, saboda haka sau da yawa ke za ki riga kowa ji, in dai kin san abin da ki ke ji.

Kowace uwa ta san kukan jaririnta: wannan na yunwa ne, wannan na barci, wannan kuwa na ciwo ne, a tashi a nemi magani. To, mota ma haka ta ke. Da wuya ƙarfe ya karye bai yi kuka ba tukuna.

Abin da ke ƙarƙashin kujerarki

Wata rana in kin ga a-kori-kura ko bas ɗin haya a tsaye, ki tsaya daga baya nesa kaɗan, ki sunkuya ki leƙa. Za ki ga wani ƙarfe mai kauri ya miƙe daga ƙafar hagu zuwa ta dama, tsakiyarsa ya kumbura kamar tulu. Shi a ke kira aksul. Daga wajen inji kuma ga wani dogon ƙarfe mai juyawa ya zo ya shiga bakin tulun, farfela ke nan.

A cikin tulun akwai giya biyu, ƙarami da babba, haƙoransu suna cizon juna. Farfela ta juya ƙaramin, ƙaramin ya juya babban, babban ya juya waɗansu sanduna biyu na ƙarfe masu zuwa ƙafafu. A ƙananan motoci da bas-bas, farfela ta kan juya wajen sau 3 zuwa 5 kafin taya ta juya sau ɗaya. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙananan giya a tsakiya, aikinsu sai wajen shan kwana. 'Yan makaranta, kun san in ana maci aka zo juyawa, ta gefen waje ta kan buɗe ƙafa, ta gefen ciki ta rage taki. Haka ƙafar waje ta mota ta kan fi ta ciki gudu a kwana, 'yan giyan nan ne ke raba musu. Kowane abu mai juyawa a cikin nan yana zaune bisa boris, duka kuma suna iyo cikin man giya.

Motocin farko da yawa da sarƙa a ke jan ƙafafunsu, kamar keke. Wani Bafaranshe, Louis Renault, ya ƙera 'yar motarsa da farfela a 1898, tun daga nan dabarar ta yi ta bazuwa.

Amma ba kowace mota ke da tulun nan a baya ba. Peugeot 504 da 505, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe ma'aikatar can a 1975, da Hiace, da Hilux, da yawancin Marsandi, da manyan motocin kaya, duk ƙafafun baya ke tura su. Galibin Corolla da Camry da Accord da Golf kuwa ƙafafun gaba ke jansu, ba su da farfela, ba su da tulu a baya. Duk da haka suna da boris da birki da shokazoba a ƙafafun baya, to abin da za a faɗa game da waɗannan ya shafe su.

Tambayoyi huɗu

In kin ji baƙon kuka, kada ki firgita, kada kuma ki share. Ki yi shiru, ki tambayi kanki abu huɗu. Yana sakewa in direba ya taka totur ko ya ɗaga ƙafa? Yana ƙaruwa in gudu ya ƙaru? Yana sakewa in an sha kwana? Yana sakewa in an sauka daga kwalta zuwa burji? Amsoshin nan su ne rabin aikin bakanike.

Ga kuma wata gajeriyar dabara. In mota tana tsaye aka taka totur, kukan ya fito, to a wanke aksul daga zargi, gama ba ya juyawa sai mota tana tafiya. A nemi laifin wajen inji ko salansa.

Ire-iren kuka

Na ɗaya, kuka mai tsini, wuuu, kamar iskar hunturu ta ƙofar taga. In yana zuwa sa'ad da aka taka totur, ya ɓace ko ya sake murya da an ɗaga ƙafa, galibi haƙoran giyan cikin tulu ne suka cinye, ko mai ya yi ƙasa. In kuwa sai an ɗaga ƙafa ya ke fitowa, a kan fi zargin boris na ƙaramin giya, wanda ke bakin tulu.

Na biyu, gurnani, guuu, kamar injin markaɗe daga gidan maƙwabta. Ba ruwansa da totur, gudu kaɗai ya ke bi, mota na ƙara gudu yana ƙara murya. Wannan ya fi kama da boris na ƙafa. Ki lura da kwana: in an karkata hagu, nauyin mota ya kan koma ƙafar dama, to in gurnanin ya ƙaru a nan, galibi na dama ne ya lalace. In a kwanar dama ya ke ƙaruwa, na hagu ne.

Na uku, kukan taya, wanda ya kan yi kama da na boris har ya ruɗi gwani. Abin da ke tona shi hanya ce. In an bar kwalta aka hau burji ko turɓaya ya sake murya ko ya ɓace, taya ce, watakila ta cinye gefe guda ko iska bai daidaita ba. Ciwon ƙarfe kuwa ba ya kula da irin hanya.

Na huɗu, ƙwal guda ɗaya daga ƙarƙashi, daidai lokacin da mota ta tashi, ko aka sake giya, ko aka sa ribas. Wannan alamar sako-sako ce, ko a mahaɗin farfela, ko tsakanin haƙoran giya. In har da karkarwa da ki ke ji a kujera ko a tafin ƙafarki, tana ƙaruwa da gudu, lalle a duba farfela, domin in mahaɗinta ya tsinke ana cikin gudu, ta kan faɗo ta daki hanya.

Na biyar, bugu mai bin juna, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar daka a turmi, mota na ƙara gudu yana ƙara sauri. Ko haƙorin giya ya karye, ko taya ta yi ƙulu, ko notunan ƙafa sun kwance. Na ƙarshen nan ya fi duka sauƙin gyara, ya kuma fi duka saurin kisa.

Na shida, ƙara ko gurzawa da ba ta zuwa sai a kwana, musamman a matsattsiyar kwana ana tafiya a hankali. A nan 'yan ƙananan giyan tsakiya a ke zargi.

Na bakwai, kwaram-kwaram in an faɗa rami ko an hau gargada, sa'an nan shiru a hanya mai kyau. Wannan ba cikin aksul ya ke ba. A duba shokazoba da robobinta, da sifirin, da maratayin salansa, a kuma duba but, kada a je jak ne ko tukunyarki ke rawa. Ƙiii da ke zuwa sai an taka birki kuwa, na birki ne.

Wanda za a tsaya dominsa nan take

Ba duka kuka ne ke jiran gobe ba. In akwai bugu tare da rawar ƙafa, ko bayan mota yana lilo, ko kin ji ƙaurin ƙonewa, ko gurnani ya rikiɗa ya zama gurzar ƙarfe da ƙarfe, a nemi gefen hanya a tsaya, kowa ya fito ya yi nesa da titi. A duba notuna. A kai bayan hannu kusa da tsakiyar ƙafa ba tare da an taɓa ba, a gwada da ɗaya gefen. In ɗaya ta fi ɗaya zafi ƙwarai, akwai magana. A duba ko mai yana tsiyaya ta cikin ƙafa, domin in ya jiƙa birki, birkin gefen nan ba zai kama sosai ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne, a yawancin ƙananan motoci masu aksul, sandar nan da ke juya ƙafa ita ce kuma ke ɗauke da nauyi. In boris ya ƙone ya farfashe, ƙafa tana iya cijewa, ko ta zare gaba ɗaya ana cikin gudu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Siririn kuka da bai daɗe da farawa ba, ba zafi, ba tsiyaya, ana iya lallaɓawa da shi zuwa gareji mafi kusa. Amma kada a ce sai an dawo daga tafiya. Boris guda da 'yar robar tare mai kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da giyan cikin tulu, waɗanda tilas a saye su biyu tare, a kuma nemi gwani ya daidaita su. Bambancin ya isa cefanen gida na kwanaki masu yawa.

Mai, da ruwa, da lodi

Abu uku ke yawan kashe aksul. Na farko rashin mai. Ki goga tafin hannuwanki da ƙarfi ki ji zafi. Haka haƙoran ƙarfe su ke in ba mai tsakaninsu. Mutane sun saba da juye baƙin man inji, amma na aksul a kan manta da shi shekara da shekaru. A jikin tulu akwai noti na zuba mai. In mota tana tsaye a wuri mai daidai aka kwance shi, ya kamata mai ya kawo bakin ramin. Ba man inji a ke zubawa ba, man giya ne mai kauri, mai wari kamar farar wuta. A jikin galan za ki ga lamba irin su 80W-90 ko 85W-140, da GL-5. Littafin mota ya faɗi wanda ya dace da ita da lokacin juyewa, ke da ki ke karatu sai ki duba wa gida.

Na biyu ruwa. Aksul yana da ɗan hanci a sama na shan iska. Da damina in an ratsa ruwa mai zurfi da aksul mai zafi, ya kan huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa ta nan. Mai da ruwa ya shiga ya kan koma kamar shayi da madara, tilas a juye. In hancin ya toshe da laka kuma, iska ta kan tura mai waje ta wajen ƙafafu. Wajen juyewa a dubi notin ƙasa, gama da yawa suna da maganaɗisu. Ɗan toka-toka mai laushi ba kome, amma ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi alama ce wani abu yana ci a ciki.

Na uku lodi fiye da ƙima. A nan mu mata sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Buhun hatsi, da jarkar mai, da kayan ɗakin amarya, duk ƙafafun baya ke ɗauka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama masu irin wannan lodi, amma tun kafin a kai ga jami'i, boris ya riga ya yi hukuncinsa. Haka nan kada a sa tayoyi masu girma dabam-dabam a baya, domin 'yan giyan tsakiya za su yi ta aiki kamar kullum a kwana a ke.

Yadda za ki faɗa

Sanin abu dabam, iya faɗinsa dabam. In kin ce wa maigida, “Motar nan tana ƙara,” zai ce tsufa ne. Amma ki ce, “Malam, tun da muka hau kwalta na ke jin gurnani ta ƙafar dama, yana bin gudu, in an sha kwanar hagu sai ya ƙaru. Ko za a duba boris?” Wannan magana ba mai hankalin da zai yar da ita. 'Yar makaranta ta ce, “Baba, in ka ɗaga ƙafa daga totur sai kukan ya ɓace.” A motar haya kuwa ki ce, “Malam direba, don Allah a ɗan tsaya a duba ƙafar baya, ina jin bugu.” In ya ƙi, ki faɗa wa dattijon da ke cikin motar. In kuma abin ya yi tsanani, ki sauka da 'ya'yanki a garin farko, asarar kuɗin mota ta fi asarar rai sauƙi.

Ke kuma mai tuƙa taki, ki gwada tambayoyin nan huɗu a miƙaƙƙiyar hanya da ba cunkoso, rediyo a kashe, wata tana zaune a baya tana saurare. Ki rubuta abin da kuka ji ki kai wa bakanike, ki kuma ce a nuna miki tsohon abin da aka cire. Kada ke ko yaranki ku shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.