Idan an ɗaure uba, wa zai ba da kuɗin cefane?

Babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a birnin Zariya sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi, matar da aka ɗaure sau 16 saboda gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, wadda ta rasu a 2001. Ana yawan ba da labarin shigarta kurkuku da fitowarta. Abin da ba a cika tambaya ba, a kanta ko a kan kowane ɗaurarre, shi ne halin da mutanen gida suke shiga tun daga daren farko.

Daga wannan unguwa zuwa gidan yarin Ƙofar Doka ba wata tafiya ba ce. Amma ga matar da aka kai mijinta can, ko ɗan acaɓa ne, ko tela, ko mai tireda, abincin gidan gaba ɗaya aka kulle tare da shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan magidanta, abin da suka samo yau shi ake ɗorawa a murhu gobe.

A kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kaduna da fiƙihun Malikiyya ake hukunci, daga littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, waɗanda malaman zaure na Zazzau suka daɗe suna karantarwa. Hukuncin a fili yake. Ci da sha da tufafi da wurin kwanan 'ya'ya suna wuyan uba: namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta yi aure ta tare. Ɗauri shi kaɗai ba ya sauke wannan nauyi. Idan ɗaurarren yana da gona, ko gidan haya, ko shanu, ko kuɗi a banki, matarsa na iya zuwa gaban alƙali ya yanka mata abin da za a riƙa cirewa daga dukiyar, har a sayar da wani abu in ta kama. Mata da yawa ba su san da wannan dama ba, wasu kuma kunyar dangin miji ke hana su, suna gudun a ce sun kai ƙarar mutumin da ke cikin jarrabawa.

Abin da yake sauke nauyin shi ne rashi. Uban da ba shi da ko sisi ba a tilasta masa, kuma abin da ya wuce a lokacin rashinsa ba ya zama bashi a kansa. Matar tana da ikon neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, bayan alƙali ya ba da wa'adi. To amma yaran fa? A nan ne mutane ke mamaki, domin a mazhabar Malik ba a wajabta wa kaka ko baffa ko kawu ciyar da su ba, ita ma uwa ba a ɗora mata ba. Baffan da ya ɗauki riƙon 'ya'yan ƙaninsa zumunci ya yi, Allah ya saka masa, amma kotu ba za ta kama shi ba in ya ce ya gaji. Idan zumuncin ya yi rauni, yarinya ce ke barin aji ta ɗauki farantin talla, yaro kuma ya koma tasha.

Amurka ta bi wata hanyar. Wata doka ta 1986 ta hana kotu rage kuɗin ciyar da yara da suka riga suka taru a kan uba, sai fursunoni suka riƙa fitowa da bashin da ba za su iya biya ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta hana jihohi ɗaukar ɗaurarre a matsayin wanda ya ƙi aiki da gangan wajen ƙayyade kuɗin ciyarwa. Fiƙihu ya kauce wa wannan tarko na bashi tun da daɗewa, sai dai ya yi hakan ne da zaton akwai baitulmali da zakka masu tallafar yaro, abin da yau ba kowane gida yake gani ba.

Akwai kuma abin da ya fi ciwo. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wasu kuma tara ce kawai suka kasa biya. Ɗan abin da ya rage a gida yakan ƙare wajen neman beli da lauya da kai abinci ranar ziyara.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin talala. Ga ƙananan laifuffuka, ya kamata alƙali ya tambayi mutum yawan bakunan da yake ciyarwa kafin ya aika shi Ƙofar Doka. Kwamitocin zakka na masallatan unguwa su ma ya dace su sa iyalan ɗaurarru cikin jerinsu kusa da marayu, kuma matar da mijinta ya bar wata kadara ta nemi kotu ta yanka wa yaranta haƙƙinsu tun a watan farko, domin kuɗin ciyar da yara na kwanakin baya ba a cika bin su ba sai in alƙali ya riga ya ƙayyade su.