AJIYA A GIDAN CACA: WA KE DA ALHAKIN BIYA?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. A wannan mako za mu duba wata mas'ala ce wadda ta taso daga ƙasar Amurka, amma hukuncinta ya shafi kowane Musulmi, watau idan mutum ya ajiye kuɗinsa a gidan caca, sa'an nan gidan ya rushe da kuɗin a ciki, shin akwai wanda shari'a za ta kama da biya, ko kuwa haramcin cacar ya wanke masu gidan?

Ga yadda abin ya faru. A da akwai wani kamfani mai suna Full Tilt Poker, wanda ya kasance yana shirya cacar karta ta hanyar intanet. Mai son wasa yakan fara zuba kuɗi a asusun da aka buɗe masa, kamfanin kuwa ya yi ta tabbatar wa jama'a cewa kuɗinsu na nan a killace, duk ran da suka so sai su ɗauka. Ran Juma'a 15 ga watan Afrilu 2011, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi shugabannin wannan kamfani da na waɗansu biyu, PokerStars da Absolute Poker, da laifin zambatar bankuna da karya dokar caca, ta kuma rufe shafukansu a ƙasar. Shi PokerStars nan da nan ya mayar wa Amurkawa kuɗinsu. Shi kuwa Full Tilt sai ya kasa. Ba a daɗe ba hukumar tsibirin Alderney, wadda ta ba shi lasin, ta dakatar da lasin ɗin a watan Yuni na wannan shekara.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Satumba 2011 lauyoyin gwamnati suka bayyana wa kotu cewa a ƙarshen watan Maris 'yan wasa na bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, alhali kuwa abin da ke cikin bankunansa bai wuce dala miliyan 60 ba. Daɗin daɗawa, suka ce tun daga shekarar 2007 an rarraba wa masu kamfanin da daraktocinsa fiye da dala miliyan 440. Ashe lambobin da mutane ke gani a asusunsu zane ne kurum, dukiyar ta riga ta shige aljihun waɗansu.

A watan Yuli 2012 aka yi sulhu: PokerStars ya yarda zai biya dala miliyan 731, ya kuma karɓe kadarorin Full Tilt. Daga ciki, miliyan 184 ta tafi ga 'yan wasa na ƙasashen waje, miliyan 547 kuma ga gwamnatin Amurka, wadda daga cikinta ne aka fara biyan Amurkawa a shekarar 2014, watau bayan jiran kusan shekara uku. Shugaban kamfanin, Ray Bitar, ya amsa laifi a 2013, aka ƙwace masa dukiya mai yawa, amma ba a ƙara masa zaman kurkuku ba saboda ciwon zuciya. Shahararrun 'yan karta biyu da ke cikin daraktoci, Howard Lederer da Chris Ferguson, ƙarar dukiya aka kai su, suka sasanta da gwamnati ba tare da amsa laifi ba. Lederer bai nemi gafarar jama'a a fili ba sai a 2016, Ferguson kuwa sai a 2018. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan kuɗin da aka biya mutane bai fito daga hannun waɗanda suka kwashe shi ba.

To, mene ne matsayin Musulunci? Da farko dai babu saɓani cewa caca haramun ce. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa ta da giya, ta bayyana cewa hanya ce da Shaiɗan ke bi ya jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya kuma kange su daga ambaton Allah da salla. Ko a kan tabarma aka yi ta, ko a cikin wayar hannu, hukuncin ɗaya ne.

Amma fa zunubin mai ajiya ba ya halatta wa wanda aka ba ajiyar ya cinye ta. Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta umurci a mayar da amana ga masu ita, ba ta kuwa sanya sharaɗin sai sun kasance salihai ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutanen gari kayan da suka ba shi ajiya, a daidai lokacin da shugabanninsu ke ƙulla makircin kashe shi. Idan shirka da gaba ba su kayar da amana ba, ta yaya caca za ta kayar da ita?

Malaman fiƙihu na mazhabar Maliki sun yi bayani cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma da zarar ya ƙetare iyaka a kanta, to, lamuni ya hau kansa. Haka Ibn Abi Zaid ya tabbatar a cikin Risala. Saboda haka wanda ya ɗebi ajiyar mutane ya raba da abokansa da sunan riba, ba shi da ikon cewa kasuwa ce ta faɗi. Wanda kuma ya karɓi kason ya san daga inda ya fito, lalle ne ya mayar. Idan dukiyar ba ta isa ba, sai alƙali ya hana mai bashin taɓa ta, ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa. Sulhun da aka yi da gwamnati yana iya rufe fayil a kotu, amma ba ya sauke haƙƙin bawa. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya nuna cewa matsiyaci na haƙiƙa shi ne wanda zai zo ran Alƙiyama da salla da azumi, amma a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya ci dukiyarsu.

Saura kuma shi mai wasan. A nan malamai sun bambance abu biyu. Asalin kuɗin da ya zuba, idan ta hanyar halal ya same shi, nasa ne, yana da ikon ya nema ya karɓa, tare da tuba ga niyyar da ya ajiye shi da ita. Abin da ya ciwo a wasa kuwa ba mallakarsa ba ne: ya mayar ga wanda ya ci in ya san shi, in bai san shi ba ya ba mabukata domin ya rabu da shi.

Hukuma ita ma tana da nata kason alhakin, domin wanda ya ba da lasi ya sa jama'a sun saki jiki, bai kuwa kamata ya zama na ƙarshen sanin cewa rumbu ya zama fanko ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne. Yau samarinmu na zuba kuɗin abinci da na makaranta a asusun cacar ƙwallo ta waya, ba su san ko wane ne ke riƙe da shi ba. Waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a watan Disamba 2016 sun san ɗacin wannan al'amari. Su Amurkawa sun sami gwamnati mai ƙarfi da wani kamfani mai arziki suka fanso musu dukiya, duk da haka sai da suka yi shekaru suna jira. Iyaye da malamai da masu unguwanni su tashi tsaye wajen faɗakarwa, wanda kuma ya san akwai ajiyar wani a hannunsa ya gaggauta mayarwa tun yana da iko.

Allah Ya tsare mu da cin amana, Ya azurta mu da halal, amin. Wassalamu alaikum.