Me Ya Sa Tsohuwar Akori-kura Take Fizga?

Injin fetur mai, wuta da iska yake so. Ɗaya ya gaza, sai fizga. Lokacin da matsalar ke tasowa shi ne manuni. Idan sai an ɗauki kaya ko ana hawan tudu, wataƙila mai ne ba ya isa: a duba matatar mai, sannan famfon mai. Idan da sanyin safiya ne ko bayan ruwan sama, a zargi filogi da wayoyinsu. Baƙin hayaƙi daga salansa kuwa, mai ya rinjayi iska, galibi ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In bayan shan man bumburutu ta fara, wataƙila ruwa ne a tanki. A fara da gyara mai araha kafin bakanike ya kwance kafireta.